Labarin Hawan Tudun Adamawa A Kan Babur

 Iyayenmu da yawa sun sha tambayarmu labarin hanyar tudu, watau wadda ta tashi daga Garwa ta hau Ngaundare, ta zarce Tibati da Banyo. Dalili kuwa, hanyar da kakanninmu suka bi da jakuna, yau yaran gidajenmu su ke bi da kaya a kan babur, masu dukiya kuma suna kukan kuɗin gyara yana cinye riba. To, cikin hunturun bana mu uku muka bi ta, kowa da babur ɗinsa irin na daji, mai dogayen ƙafafu da taya mai ƙuraje. Ɗayanmu bakanike ne, ya tsufa cikin sana'ar. Ga abin da muka gani, da abin da ya kamata maigida ya sani kafin ya ɗaura wa yaro kaya ya sallame shi.

DAGA GARWA ZUWA GINDIN TUDU

Garwa dai tana bakin kogin Binuwai, cikin kwari. Tsayinta bisa teku bai wuce mita 250 ba, shi ya sa zafinta ya yi suna. Cikin Maris da Afrilu ma'aunin zafi ya kan kai digiri 40. Zamanin da, in damina ta yi nisa kogi ya cika, jiragen ruwa su kan taso tun daga bakin teku, su biyo ta Lakwaja da Yola, su sauke gishiri da tufafi su ɗauki auduga da gyaɗa. Yanzu mota da babur sun gaje wannan aiki.

Muka yi asuba muka tashi, muka ƙetare gada muka fuskanci kudu. Tsakanin Garwa da Ngaundare kamar kilomita 280 ne, kwalta ce. Wajen Ngong hanyar Lagdo ta rabu, can inda aka datse Binuwai a 1982. Muka bi gefen gandun dajin Binuwai yana hannunmu na hagu, har muka isa Mbe, garin doya. Duk wannan tafiya babura suna gudu lami lafiya, ba wanda ya yi ko tari.

Gaba da Mbe sai ga tudu ya tare gabanmu kamar ganuwa. Masu Faransanci suna ce wa wurin falez. Hanya ta yi ta murɗewa kamar maciji, manyan motoci suna nishi suna hawa da giya ɗaya. Da muka kai bisa sai iska ta sake, sanyi ya shiga rigunanmu. Babura kuwa suka ɗan yi nauyi, in an murɗa totur ba su amsawa da hanzari kamar yadda su ke yi a ƙasa. Ƙaraminmu ya ce, "Baba, ko mu tsaya a buɗe kafireta?" Tsohon ya ce, "A'a, samari. Bari mu sauka masauki tukuna in nuna maka abin da ke cikinta."

NGAUNDARE

Ngaundare tana sama da mita 1,100 bisa teku. Sunan kuwa na harshen Mbum ne, ma'anarsa dutsen cibiya, saboda wani dutse da ke gefen gari mai curin dutse a ƙololuwarsa. Fulani suka kafa sarautarsu a nan cikin shekarun 1830, ƙarƙashin Arɗo Njobdi, gidan Lamiɗo kuma yana tsakiyar tsohon gari. A nan hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Yawunde ta tsaya, ta iso ne a 1974, saboda haka duk kayan da za su arewa har Cadi a nan a ke sauke su a ɗora wa mota. Ƙasa ce ta shanu da zuma. Daga wannan tudu ne Binuwai kanta ta ke ɓuɓɓugowa.

Bayan lisha bakanike ya shimfiɗa tsumma, ya kwance kafireta ɗaya ya baje mana. Ya ce kafireta ita ce ƙwaryar da a ke dama wa inji abincinsa. Inji ba fetur kaɗai ya ke sha ba, ya ma fi shan iska nesa ba kusa ba. In aka bi nauyi, kilo 1 na fetur yana bukatar iska kilo 14.7 kafin ya ƙone ƙurmus. In fetur ya yi yawa cikin damun, sai mu ce ya yi kauri. In iska ce ta yi yawa, ya yi tsararo.

Fetur ya kan taru cikin ɗan ƙoƙon da ke gindin kafireta, iska mai wucewa ta maƙogwaronta ta tsotso shi ta waɗansu ƙofofi uku. Ta fari ita ce ƙaramin jet, shi ke ciyar da inji sa'ad da babur ya ke tsaye yana aiki, har zuwa kwata na totur. Ta biyu allura ce mai tsini, tana hawa tana sauka cikin ɗan bututu, ita ke da iko daga kwata zuwa kashi uku cikin huɗu. Ta uku shi ne babban jet, wanda ya ke karɓar aiki in an murɗe totur duka. Shi jet ɗin nan, wanda masu Faransanci ke kira jiklar, ɗan guntun tagulla ne mai huda a tsaka, an buga masa lamba a jiki. A irin na kamfanin Keihin, lamba 100 huda ce ta milimita 1, mai bi mata a ƙasa 98, a sama kuwa 102 da 105. Bambancin 100 da 98 bai kai kaurin gashin kai ba, amma inji ya san da shi. Ya kuma gargaɗe mu, lambar Keihin da ta Mikuni ba a gwama su, kowane kamfani da irin awonsa.

Sa'an nan ya zo kan maganar tudu. Iskar da ke kanmu tana da nauyi, ta ƙasa a danne ta ke, ta sama kuwa a sake. Kowace mita 1,000 da mutum ya hau, nauyin iska ya kan ragu kusan kashi 1 cikin 10. Ita kuwa hudar jet ba ta san an hau tudu ba, tana nan yadda ta ke. Iska ta ragu, fetur bai ragu daidai da ita ba, sai damu ya yi kauri.

Amma fa akwai wani abu kuma. Zafi ma yana sa iska ta sake. Ƙarin digiri 10 ya kan rage nauyinta kamar kashi 3 cikin 100. Saboda haka iskar Garwa da tsakar rana cikin bazara, da ta Ngaundare da asuba, kusan nauyinsu ɗaya ne, zafin wancan ya biya tsayin wannan. Ya ce, "Kun ga abin da ya sa ban taɓa jet ba. Babur da aka daidaita a Garwa ya isa Ngaundare haka nan. In ya matsa, a juya sukurun gefe kwata guda, shi ke nan."

HANYAR JAR ƘASA

Muka kwana biyu muka kama hanyar Tibati, wuni guda cur. Tibati ta ɗan fi Ngaundare ƙasa, ita ma garin Lamiɗo ce, Jamusawa sun ci ta a 1899. Kusa da ita aka datse kogin Jerem a Mbakawu, ruwa ya taru ya zama tafki babba, daga nan busasshen kifi da banda su ke fita zuwa kasuwanni masu nisa.

Daga Tibati zuwa Banyo ya fi kilomita 100, jar ƙasa muka tarar. In babbar mota ta wuce, sai mu tsaya ƙura ta kwanta kafin mu ga gabanmu. Rawunanmu da gemunanmu duk suka koma ja. Tun ba mu yi rabi ba babur ɗaya ya soma shaƙewa, yana fid da baƙin hayaƙi, kai ka ce mun hau wani sabon tudu, alhali kuwa ba mu hau kome ba. Bakanike ya buɗe iyakilina, ya zaro soson da ke tace iska, ga shi ya toshe da ƙura kamar an yaɓa masa laka. Ya wanke shi da kananzir, ya matse, ya bari ya sha iska, ya shafa masa ɗan mai, ya mayar. Babur ya tashi garau.

Ya ce mu riƙe wannan da kyau. Toshewar soso da hawan tudu alamarsu ɗaya ce, domin duk ƙarancin iska ne. Wanda bai duba soso ba ya tafi ya rage jet, ran da aka wanke soson damu zai koma tsararo bai sani ba. Cikin hunturu a irin wannan hanya, kullum da yamma a ke duba shi.

Sai kuma maganar mai. A ƙauyukan nan fetur na kwalba a ke sayarwa bakin hanya, wanda mutanen arewacin Kamaru ke kira zuwa-zuwa. Wani da kyau, wani da gari-gari a gindi. Hudar ƙaramin jet kuwa ba ta kai rabin milimita ba, ƙwayar rairayi guda ta isa ta toshe ta. Alamarsa, babur ya ƙi tsayawa da kansa, da an saki totur sai ya mutu. Mu dai kowace kwalba sai mun tace ta da farin ƙyalle. In kuwa jet ya toshe, a hura shi, ko a jiƙa shi cikin fetur mai tsabta. Kada a zura masa waya ko allurar ɗinki, domin tagulla tana da taushi, huda za ta faɗaɗa, lambar da ke jikinsa ta zama ƙarya.

BANYO DA CABBAL MBABO

Banyo tana gindin wani dutse mai tsawo. A kansa Jamusawa suka yi sansani lokacin yaƙin duniya na fari, har sojan Ingila da suka fito daga Nijeriya suka hau suka karɓe shi cikin Nuwamba 1915. Tsohon zango ne na fatake, ta nan kakanninmu su ke bi zuwa ƙasar Banso su sayo goro. 'Yan'uwanmu na can suka karɓe mu hannu biyu biyu, Allah ya saka masu da alheri.

Arewa da Banyo akwai Cabbal Mbabo, wanda ƙololuwarsa ta kai mita 2,460. Makiyaya suna zaune a kansa da shanunsu, fatake kuma suna hawa su kai masu gishiri da kanwa da sukari, su sauko da zuma da man shanu. Muka bi ta Sambolabo muka soma hawa. Nan fa babu hanya sai turbar shanu, ga duwatsu, ga kwazazzabai. Bisa kuwa fili ne na ciyawa iyakar ganinka, da sanyi mai ratsa ƙashi.

Sa'ad da muka kusa mita 2,000 babura duk uku suka soma gardama. In an murɗa totur sai su yi ta ɓarɓar kamar mai kurkurar baki, salansa tana warin ɗanyen fetur. Aka kwance fulogi, watau buji, ga bakinsa baƙi ƙirin da kunkunniya. Har shayinmu ya ba da shaida, gama a wannan tsayi ruwa ya kan tafasa tun yana digiri 93, bai kai 100 ba, saboda iskar da ke danne shi ta ragu.

Bakanike ya ce yanzu kam lokaci ya yi. Ga yadda ya bi da su, daki daki. Da fari ya duba soso ya tabbata yana da tsabta. Ya bar inji ya yi zafi, domin ba a daidaita inji mai sanyi. Sa'an nan ya kama sukurun gefe. Ya ce iri biyu ne. In yana wajen da iska ke shigowa, na iska ne, kwance shi ya kan tsinka damu. In kuwa yana wajen inji, na mai ne, kwance shi ya kan ƙara kauri. Ya juya kwata kwata yana kasa kunne, har ya sami inda inji ya fi sakin murya, ya tsaya nan.

Bayan wannan ya zaro allura. A kanta akwai tsaga biyar da ɗan zobe da ke riƙe ta. In aka ɗaga zoben sama, allura ta kan nutse ta rage mai. In aka saukar da shi, ta ɗago ta ƙara. Ya ɗaga tsaga ɗaya, ya mayar, ya hau ya gwada. Tsakiyar totur ta gyaru, amma ƙarshensa da sauran nauyi. Sai a nan ya cire babban jet ya sa mai bi masa a ƙasa, ya sake gwadawa a wani ɗan hawa. Da ya dawo ya kwance fulogi, bakinsa ya koma ƙasa-ƙasa, kamar shayi da madara. Ya ce wannan launi a ke nema. Abu ɗaya a ke sakewa a gwada, in an sake biyu tare ba a san wanda ya gyara da wanda ya ɓata ba. Tsofaffin jet ɗin kuwa ya zuba su cikin kwalin ashana, ya rubuta na wane da na wane, ya sa aljihu.

Duk da haka babura ba su koma ƙarfinsu na Garwa ba, ba kuwa za su koma ba. Inji ya kan yi asarar kamar kashi 1 cikin 10 na ƙarfinsa a kowace mita 1,000, ba jet ɗin da zai mayar masa da iskar da babu. Gyaran kafireta shaƙewa ya ke kawarwa. Maganin sauran shi ne wanda madugan da suka sani, a rage wa dabba kaya in za a hau dutse.

SAUKA TA FI HAWA HATSARI

Ran da muka sauko Sambolabo, ko ruwa tsohon nan bai bari mun sha ba sai da ya fid da kwalin ashana ya mayar da kowane jet gurbinsa, ya saukar da zoben allura inda ya ke da. Muka ce ya bari mu kai Banyo mana. Ya ce, "Alhaji, kauri da tsararo ba ɗaya ba ne. Kauri fetur ya ke ci, da fulogi. Tsararo inji ya ke ci."

Dalili kuwa, rarar fetur tana sanyaya cikin inji. In aka sauko ƙasa da ƙaramin jet na tudu, iska ta ƙaru fetur bai ƙaru ba, sai wuta ta yi tsanani, fistin ya kumbura ya kama jikin silinda, wani lokaci ma ya huje. Babur mai haɗa fetur da baƙin mai shi ya fi saurin mutuwa ta wannan hanya. Kafin haka inji ya kan yi gargaɗi. Za a ji ƙara kamar tsakuwa cikin gwangwani, zafi ya doki ƙafa, in an saki totur ya daɗe bai sauko ba, salansa tana tas tas, fulogi kuma fari fat kamar alli. In aka ɗan ja cok aka ji ya sami sauƙi, to, tabbas yunwar mai ya ke ji.

Gani ya kori ji. A kan hanyarmu ta komowa, bayan mun sauko falez mun wuce Mbe, muka tarar da wani saurayi zaune gefen kwalta da hantsi, babur ɗinsa a jingine, jarkokin zuma shida a ɗaure. Muka yi masa sannu. Bakanike ya taka kik, ko motsi bai yi ba. Ya ce, "Ɗana, daga ina?" Ya ce, "Daga Cabbal, Baba." Ya ce, "An taɓa maka kafireta a can?" Ya ce, "I, wata biyu na yi ina hawa da sauka tsakanin rugage, aka sa mani ƙaramin jet, ya kuwa yi daɗi. Har na ga mai ya daina ƙarewa da wuri." Aka tambaye shi ina tsohon jet ɗin, ya ce yana can inda aka cire.

Abin da ya faru a fili ya ke. Ya sauko cikin sanyin safiya, lokacin da iskar kwari ta fi nauyi, ga kaya, ga kwalta a miƙe, ya murɗe totur duka bai sassauta ba. Babur na maigidansa ne, zuma kuma ta bashi ce, ana jiransa ran kasuwa. Muka tsaya har Allah ya kawo wata motar doya, muka taimaka aka ɗora shi da kayansa. Yanzu sai sabon fistin da ringi da gyaran silinda, ga kuɗin mota, duk a kan ɗan guntun tagulla da bai kai ƙwayar gyaɗa ba.

ABIN DA MU KE ROƘON MASU DUKIYA

Mun san akwai sababbin babura da ba su da kafireta, na'ura ce ke auna iska ta fesa fetur gwargwadonta, tudu da kwari duk ɗaya a wurinta. Kamfanin Suzuki ya sa irinta a babur ɗinsa na tseren daji tun 2008. Amma yawancin waɗanda ke hannun yaranmu masu kafireta ne, shi ya sa maganar nan ta shafe mu.

Saboda haka, ya ku iyayenmu, kafin yaro ya tashi a sa bakanike ya karanta lambar jet ɗin da ke cikin babur, da tsagar da zoben allura ya ke, a rubuta cikin littafin shago. A ba shi fulogi na ajiya da ƙyallen tace mai. In iyakarsa Ngaundare ko Tibati ko Banyo ne, a hana shi taɓa jet, soso kaɗai zai riƙa wankewa. In zai hau Cabbal ya daɗe, to, a rage, amma tsohon jet ya zauna cikin aljihunsa, ya mayar tun yana gindin dutse. A kuma rage masa kaya, kada a ɗora masa na kwalta a ce ya hau da su dutse. In yaro ya zo yana murna wai an gyara masa babur ba ya shan mai, kada a taya shi murna sai an kwance fulogi an ga launinsa.

Iyakar abin da muka gani ke nan.  Allah ya kiyaye matafiya, ya sa albarka cikin fataucinmu, amin.